Wasan Babarbare a Lambun Bakin Ruwa

A Kazaure in aka ambaci Baba Kura, kowa da inda yake kama zancen. Mamuda tela yakan ce bai taɓa ɗinka wa mutumin da ya san darajar riga kamarsa ba, mutumin da ko gona za shi sai ya shafa turare. Mutanen Babura, da suka san shi tun yana fataucin kanwa da jakuna, sukan ce bakinsa yakan riga kayansa isa kasuwa. Mata kuwa in sun haɗu a bakin rijiya cewa suke matarsa Hajja Kaka ta gama samun Aljanna tun a duniya, saboda haƙuri da surutunsa. Akwai masu cewa yana da kyauta, akwai masu cewa kyautar tasa sai in da 'yan kallo. Amma duk wanda ka tambaya, da mai yabo da mai suka, a wuri ɗaya suke tsayawa: shi ne mai ɗurumi.

Ɗurumin nan a ƙofar gidansa yake. Mahaifinsa ne ya dasa shi lokacin da ya zo daga Barno ya zauna, ya yi ta girma har inuwarsa ta ƙetare hanya. Da an idar da sallar la'asar dattawan unguwa za su fara gangarowa, kowa da buzunsa a hammata. Akwai guraben dara a ƙasa, akwai randa da moda. Shi Baba Kura bai cika yin darar ba. Nasa ya jingina da gindin bishiyar, ya miƙe ƙafa, ya raba gardama, ya ba da labarin hanyar Damagaram wanda kowa ya haddace amma ba mai katse shi. Ya daina fatauci. 'Ya'yansa duk mata ne, sun yi aure a Roni da Kano. Gonarsa ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya rage masa a duniya da zai nuna ya ce nasa ne, shi ne mutanen nan da ke zama a ƙofarsa.

Daudu ya shigo cikinsu ne a shekarar fari. Bafulatani ne daga wajen Gwiwa, wanda garkensa ya ƙare yana ji yana gani, ya shigo gari da matarsa Uwa da wata 'yar maraƙa mai farin goshi da uwarta ta mutu ta bari. Ranar da ya fara wucewa ta gindin ɗurumi yana janta, ya yi sallama a hankali kamar mai tsoron a amsa. Baba Kura ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai jama'a, wa ya bar mini bawa ya rame haka? Zo nan, Bafillace. Ina ka gudu, tun kakanni muke cigiyarka?"

Daudu ya tsaya, ya ga tsagen da ke fuskar mai maganar, sai murmushi ya kufce masa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Ashe nan ka ɓuya, Babarbare. To tashi ka ba ubangidanka wuri."

Haka abin yake tsakanin Barebari da Fulani tun iyaye da kakanni, abokan wasa ne. Kowa yakan kira ɗan'uwansa bawa, ya zagi abincinsu, ya laƙa masa sharri ko a gaban wa. Ba a fushi, ba a kai ƙara, ba a neman gafara. Wanda ya ɓata rai shi ya ji kunya. Wanda kuma ya ba da haƙuri ya fi shi jin kunya, don ya nuna wa duniya ke nan akwai wani abu a zuciyarsa ban da wasa.

Baba Kura ya ba su ɗakin da ke jikin soronsa. Daudu ya riƙa yankan ciyawa yana sayarwa, da yamma ya zo ya zauna a bakin tabarma, can gefe inda inuwa ta kusa ƙarewa. Ba shi da yawan magana. Amma in Baba Kura ya jefe shi da ɗaya yakan rama da wadda ta fi ta zafi, a yi ta dariya. Baba Kura yakan ce majalisarsa ba ta cika ba sai da ya samu Bafillacen da zai riƙa zagi.

Sai kuɗin mai suka zo. Rufin kwano ya fara ƙyalli a unguwanni, malaman makaranta suka hau Vespa, rediyo ta shiga gidan da ko fitilar ƙwai ba ta taɓa shiga ba. Aka tare ruwa a gefen gari. Daga nan hukuma ta yanki fili a bakin ruwan, ta kewaye shi da waya, ta ce lambun shaƙatawa ne na jama'a. An sha dariya a gindin ɗurumi da aka ji haka.

"Lambu ba albasa ba tumatir?" in ji Kawu mahauci. "To me ake ci a ciki?"

"Iska," in ji Mamuda tela. "An ce iska ake sha."

"Ita ma yanzu sai gwamnati ta raba?"

Aka shuka ciyawa irin mai shimfiɗa, aka dasa darbejiya da mangwaro, aka zuba bencina na siminti. Aka kafa lilo na ƙarfe saboda yara, aka share filin ƙwallo a gefe, aka gina ɗakin famfo mai inji. Wata tsohuwar cediya da ke wurin tun da can, ita ma wayar ta kewaye da ita. Da aka zo neman wanda zai kula da wurin, mutumin da ya san ciyawa kuma ba ya makara, Baba Kura ne da kansa ya kama hannun Daudu ya kai shi.

"Ga bawana nan, na ba ku aro. Ba ya cin komai sai fura, ba zai yi muku tsada ba."

Aka ba Daudu kaki da makulli da usur, da ɗaki na bulo a kusurwar lambun. Shi da Uwa suka kwashe 'yan ƙorensu suka koma can. Baba Kura ya yi kwanaki yana ba da labarin yadda ya samar wa Bafillace aikin gwamnati.

Da bazara ta kama, zafi ya sauko daga duwatsun gari kamar an buɗe tanda, sai majalisar ɗurumi ta fara yoyo. Mamuda ne ya fara. Wata la'asar ya zo wucewa ta ɗaya gefen hanya yana sauri.

"Ina zuwa, tela?"

"Wani awo zan ɗauko, Baba Kura. Yanzu zan dawo."

"Da buzu ake ɗauko awo yanzu?"

Mamuda ya dubi hammatarsa, ya yi 'yar dariya, ya ƙara sauri. Bai dawo ba. Washegari ya zo da labari: iskar bakin ruwa ko a Makka sai haka, kuma Daudu ya haƙa guraben dara a gindin cediya, ya yayyafa ruwa ƙasar ta yi sanyi. Kawu ya ce bari ya je ya gani da idonsa. Liman ya ce shi jikokinsa zai raka su ga lilo. Haka aka yi ta zarewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi sallama, ba wanda ya ce ya bari. Baba Kura yakan fito ya sa a cika randa, ya jingina, ya miƙe ƙafa. A yi magariba randar tana nan a cike.

Rashin mutanen ya yi masa zafi, amma akwai abin da ya fi shi. Sunan da hukuma ta rubuta a allon ƙofa bai kama bakin kowa ba. Lambun Daudu ake cewa. Yara in za su wuce sai ka ji, mu je Lambun Daudu. Masu dawowa da magariba kuwa, in sun tsaya gaishe shi, ba su da zance sai Daudu ya ce kaza, Daudu ya ce damina za ta zo da wuri. Mutumin da ya yi shekaru a bakin tabarmarsa ba a taɓa tambayarsa ko yau wace rana ba.

Hajja Kaka ta gaji da ganinsa shi kaɗai, ta leƙo ta soro.

"Malam, ka bi su mana. Iska dai ce, ba a hana ka ba."

"Ni in je in zauna a ƙofar Bafillace? Inuwar da na gada ta isa."

Amma ya je. Ya zaɓi rigarsa mai aska takwas, ya shafa turare, ya taka a hankali kamar hanya ce kawai ta biyo da shi. Daudu ya hango shi tun daga ƙofa, ya taho cikin kakinsa da makulli na kaɗawa a ƙugu. Ya yi ƙiba, wuyansa ya ciko.

"Lale, lale! Yau bawa ya tuna da ubangida. Shigo, amma kada ka taka mini ciyawa, ta fi ka asali."

Aka yi dariya, Baba Kura ma ya yi. Daudu ya goge masa benci da hannunsa. Ya zauna. Bencin ba shi da wurin jingina, ba shi da sama ba shi da ƙasa, duk wanda ya zo tsayinku ɗaya. A gefensa wani matashin malamin makaranta ne ke karanta jarida, ya gaishe shi da ladabi ya koma ga jaridarsa. Iskar kuwa gaskiya ce, sanyi ne da ita har cikin riga. Wannan ma ya ƙara ɓata masa rai, don da ƙarya ce da ya samu abin faɗa.

Can gardama ta tashi a wurin dara tsakanin Kawu da Mamuda. Baba Kura ya gyara murya, ya fara tattara riga. Sai ya ji Kawu ya ɗaga murya:

"A kira Daudu! Daudu, zo ka duba mana, wannan ci ne ko sata?"

Daudu ya je ya tsuguna, ya faɗi kalma biyu, gardama ta mutu. Ba wanda ya waiwayo wajen benci.

Kafin magariba Daudu ya ja shi gefe.

"Taho in nuna maka abu, Babarbare. Amma ka ɗaure bakin nan naka da igiya."

Suka zaga bayan ɗakin famfo. An kafa zana an yi ɗan shinge ƙarƙashin wata bishiya, a ciki ga mai farin goshi a ɗaure, ta zama karsana sosai, cikinta ya fito, tana tuƙa.

"Ka gan ta? Ciki ne da ita," in ji Daudu, muryarsa ta yi ƙasa. "Doka ta hana dabba shiga, an karanta mini. Amma ta yi nauyi, kiwo ya yi nisa, ga ciyawar da nake yankewa a nan zubar da ita ake. Ba ta taɓa taka inda mutane suke ba. In ta haihu zan fitar da ita." Ya shafa wuyanta. "Ita kaɗai ta rage daga shanun babana. Ban nuna wa kowa ba sai kai. Ƙwaryar nonon farko taka ce, ka ga yadda iyayengiji ke ciyar da bayinsu."

Baba Kura ya ce Allah ya raba lafiya. Ya tsaya yana kallon mutumin da ya shigo gari da igiya ɗaya a hannu, yau ga shi da ɗaki, ga kaki, ga saniya za ta haihu, ga kuma jama'a. Jama'arsa. A hanyar gida ya yi ta istigfari, amma abin bai sauka daga ƙirjinsa ba.

Ba a daɗe ba aka ce wani jami'i zai zo daga Kano ya duba lambun. Dattawa duk suka hallara, har da Baba Kura. Jami'in saurayi ne mai natsuwa, da 'yar shara mai aljihu huɗu, ya sauko daga mota ya durƙusa ya gaida manya. Ya zaga ya duba ciyawa, ya taɓa ganyen mangwaro, ya girgiza lilo ya ji ƙarfinsa. Ya dawo gindin cediya fuskarsa a sake.

"Na zaga wurare da dama, ban ga inda aka riƙe amana kamar nan ba. Malam Daudu, zan sa a riƙa turo masu kula da lambuna su zo su ga aikinka."

Jama'a suka ce madalla. Liman ya sa albarka. Jami'in ya bi dattawa ɗaya ɗaya yana miƙa hannu biyu, Mamuda na gaya masa sunayensu. Da aka zo kan Baba Kura, Mamuda ya ce:

"Wannan Baba Kura ke nan. Abokin Daudu ne."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Jami'in ya ce, "Sannu Baba," zai wuce. Sai Baba Kura ya riƙe hannunsa.

"Yaro, ku mutanen birni kuna da ban mamaki. Wa ya taɓa ba Bafillace ajiyar ciyawa? Ai kun ba kura ajiyar nama. Da kun juya baya garke yake shigowa da shi."

Aka fashe da dariya. Jami'in ma ya yi, don ya ga tsagen fuskar, ya san gidan da maganar ta fito. Daudu ya rama nan take, kamar yadda ya wajaba a kansa.

"Ranka ya daɗe, kada ka saurari wannan. Da na ga dama shi zan ɗaure a nan ya yi kiwo, sai dai ciyawar za ta mutu da warin turare."

Dariya ta ƙaru. A nan ya kamata zancen ya tsaya, kowa ya ci ɗaya. Baba Kura ya ji dariyar da aka yi wa Daudu ta fi tasa ƙarfi. Bai saki hannun jami'in ba.

"To in ƙarya nake, leƙa bayan ɗakin famfo. Ka ɗaga zana, ka gaishe mini da mai farin goshi. Ka ce ina yi mata sannu da nauyi."

Wasu suka ci gaba da dariya, don ba su san komai ba. Daudu ma bakinsa a buɗe yake kamar mai dariya, amma ba sauti. Jami'in ya dube shi, ya dubi ɗakin famfo. Wasa ba ya zuwa da kwatance irin wannan. Ya zare hannunsa a hankali ya taka zuwa can, ma'aikatan da suka rako shi suna biye. Ba a ji komai ba sai ƙarar lilo da yara ke yi, sai kuma kukan saniya sau ɗaya.

Da ya dawo bai ɗaga murya ba.

"Baba Daudu, da ni kaɗai na gani da wata magana ce. Amma ga mutane, ga waɗanda muka zo tare. In na bar saniya a nan, gobe awaki ne a ko'ina, kuma ba ni da bakin hanawa."

Daudu ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Kafin Juma'a ta zagayo an karɓi makulli da kaki. Aka kawo wani tsohon soja, mutum mai bin doka sau da ƙafa. Ya cike guraben dara ya ce ba sa cikin tsari, ya hana shimfiɗa buzu a kan ciyawa, yana kulle ƙofa tun rana na sama. Dattawa suka gwada zaman benci, bayansu ya ƙi. Ɗaya bayan ɗaya suka dawo gindin ɗurumi, kamar yadda suka tafi, ba wanda ya ce ya dawo. Randa ta koma ƙarewa kafin magariba. In gardama ta tashi, wajen Baba Kura ake juyowa.

Ba wanda ya zarge shi. Cewa aka yi tsautsayi ne, wasa ya faɗa kan gaskiya.

"Ai Baba Kura bai san tana wurin ba," in ji Mamuda. "Shaci-faɗi ya yi, Allah ya sa ya dace. Wa bai san Daudu da mai farin goshi ba?"

Baba Kura ya bar zancen ya zauna a haka.

Daudu ma ya dawo. Ya samu wani kango a bayan kasuwa suka raɓa shi da Uwa. Baba Kura ya ce masa, cikin wasa, ɗakin bayi na jikin soro yana nan. Daudu ya amsa, cikin wasa, cewa ubangida ba ya kwana gidan bawa sau biyu. Da la'asar yakan zo ya zauna a wurinsa na da, bakin tabarma. Bai taɓa faɗa wa kowa cewa shi ya kai Baba Kura bayan ɗakin famfo ba. Bai kuma daina wasa ba.

"Babarbare, bakinka ya cinye mini kaki. Sai ka ba ni mai aska takwas ɗin nan in rufe jiki."

A yi dariya. Baba Kura ya nemi abin ramawa, ya samu, ya faɗa, a sake dariya. Amma duk wadda ya faɗa sai ta bar masa ɗaci a baki. Da Daudu ya yi fushi, da ya daina zuwa, da ya zage shi zagi na gaske, da abin ya zo da sauƙi. Sai ga shi kullum a gabansa, wuyan nan da ya ciko yana komawa yadda yake, yana yi masa dariya.

Wata rana da azahar Hajja Kaka ta kawo masa abinci soro, ta ajiye, ba ta tafi ba.

"Uwa ta shigo ɗazu."

"Madalla."

"Za su koma Gwiwa kafin ruwa ya sauka. Wansa ya ba shi gefen gona." Ta gyara mayafi. "Ta ce ranar da ka fara zuwa lambun, Daudu ya shigo ɗaki yana murna, ya ce ya nuna maka karsanar, ka sa mata albarka."

Baba Kura ya buɗe kwano ya rufe.

"Wasa ne, Hajja. Kin san tsakaninmu da su."

"Na sani. Na kuma san wasanka, Malam. In ka yi wanda ya yi maka daɗi, sai ka shigo gida ka maimaita mini shi har in rasa inda zan sa kaina. Wannan ba ka taɓa maimaita shi ba."

Ya ture kwanon gefe.

"To yaya kike so in yi? In ba Bafillace haƙuri? A ina aka taɓa yi? In na buɗe baki na ce ya yafe mini, kowa ya san ba wasa ba ne. Mutanen nan da suka dawo, da wane ido za su dube ni? Me za a ce?"

"Sai a ce abin da ya faru," in ji ta. Ta ɗauki tulun da ke bakin ƙofa ta shige.

Baba Kura ya yi niyyar ya samu Daudu shi kaɗai a kango. Ya kama hanya har ya hango katangar, sai ya juya ya shiga kasuwa kamar mai neman goro. Ya yi tunanin aika masa da rigar da ya ambata, ya ga in ya aika za a ce wasa ne ya ci gaba, Daudu ya saka ta ya zo ya yi masa godiyar ba'a. Duk hanyar da ya duba, wasan nan ya riga shi tsayawa a bakinta.

Ranar tafiya Daudu ya bari sai da rana ta yi sanyi, saboda karsanar ba ta son sauri, za su kwana a wata ruga a hanya. Majalisa ta cika, ana tsakiyar dara, sai ga su. Uwa na gaba da ƙore a ka, ta tsaya can nesa ta rusuna ta gaida dattawa. Daudu ya ɗaure igiyar karsanar a wata saiwa, ya bi mutane yana sallama. Liman ya yi addu'a. Kawu ya ce in karsanar ta haifi namiji a tuna da shi, aka ce masa mahauci ba ya ganin dabba sai da wuƙa a ransa. Daga ƙarshe Daudu ya zo gaban Baba Kura, ya dogara da sandarsa.

"To, Babarbare. Na duba na ga ka tsufa, ba ka da sauran amfani, ciyar da kai asara ce. Ku shaida, jama'a, yau na 'yanta shi. Je ka, ka zama ɗa."

Aka kwashe da dariya, aka juyo ana jiran ramuwa. Baba Kura yana da ita a bakinsa, mai kyau ce ma, da ya faɗe ta da an yi kwanaki ana maimaitawa. Ya dubi mutanen da ke zaune a inuwarsa, kowa ya buɗe baki yana jira. Ya dubi ƙafafun Daudu cikin takalmin taya. Sai ya janye bayansa daga jikin bishiyar, ya dafa ƙasa ya miƙe tsaye.

"Daudu," in ji shi.

Dariyar ta fara raguwa. Tun da suka haɗu ba a taɓa jin ya kira shi da sunansa ba. Daudu ya gane inda aka nufa, ya yi sauri ya tare.

"Zauna, Babarbare, rana ce ta buge ka. Ku ba shi ruwa, 'yanci ya sa masa jiri."

"A'a, bar ni. Mamuda, ka ce ban san karsanar nan tana wurin ba. Na sani. Daudu da kansa ya kama hannuna ya kai ni, ya ce ban da ni bai nuna wa kowa ba." Ba wanda ya motsa, hannun Kawu na riƙe da ɗan dara a sama. "Kun bar ƙofata kun koma wurinsa, na kasa ɗauka. Abin da na faɗa a gaban yaron nan ba wasa ba ne, rigar wasa na sa masa. Hassada ce. Na ci amanarka, Daudu, na raba ka da abincinka ina sane. Don Allah ka yafe mini."